Me ya sa aka yi wa Chappelle ca, alhali kowa ana zolayarsa a dandali?

Sadauki_Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare na ƙarasa kallon The Closer, shirin barkwancin dandali na Dave Chappelle, baƙar fatar Amurka, wanda Netflix ta saki a Oktoban 2021, shi ne dai wanda wasu ma'aikatan kamfanin suka ajiye aiki suka fito zanga-zanga a kansa. Na yi dariya a wasu wurare, wasu kuma sun wuce ni. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin nan ya yi shekara da shekaru yana tsokanar kowa: baƙaƙen fata 'yan'uwansa, Turawa, 'yan ƙwaya, 'yan sanda. Ba wanda ya fito titi. Da ya taɓa masu sauya jinsi sai gari ya ɗauka. Su wane ne da ba za a zolaye su ba? Mu nan Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafillace ya tsokani Babarbare, a tashi lafiya. Ba zagi nake nema ba, fahimta nake so.

Bazazzagi_Na_Asali: Tun kafin a je ko'ina, Bakano ba ya tsokanar Bazazzagi, sai dai ya gwada ya sha kashi. A ci gaba.

Malam_Tanko: Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin da ya kawo wannan magana zaurenmu ba. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a addininmu sananne ne, ba sai an tattauna ba.

Mai_Zaure: Malam Tanko, Allah ya ƙara ilimi. Ba fatawa Sadauki ya nema ba, kan sana'ar barkwanci ya yi tambaya. Kowa ya riƙe aƙidarsa, amma duk wanda ya yi ashar ko ya ambaci sunan wani ɗan zaure da mugun zato zan goge. A yi magana.

Hajjo_Maraɗi: Ɗan'uwa Sadauki, misalin da ka kawo shi ne ya warware maka tambayar. Mu a Nijar wasan dangi har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, don haka muna ji da shi. Amma wasan nan yana da sharaɗi. In ka ce wa taubashinka bawanka ne, yana tsaye a gabanka, zai rama nan take, kuma jama'a za su yi masa dariyar ramuwar kamar yadda suka yi maka. Ga kuɗin shara a watan cika-ciki, ga zuwa suna da jana'iza. Wato akwai zumunci a ƙarƙashin tsokanar. A dandali fa? Makirfo ɗaya ne, a hannun mutum ɗaya yake, mutum dubu suna dariya, wanda ake magana a kansa ko yana ɗakin ba shi da bakin ramawa. Wannan ba taubasantaka ba ce.

Sadauki_Fagge: Anti Hajjo na ji, amma ai haka yake yi wa Turawa ma, su ma ba su da makirfo.

Hajjo_Maraɗi: Su ke da kamfanin da ya ba shi makirfon.

Baƙon_Amurka: Bari in sa baki, don ina nan ƙasar lokacin da abin ya faru. Na farko, ba a hana shi komai ba. Ted Sarandos, ɗaya daga shugabannin Netflix, ya ƙi sauke shirin, har ya rubuta wa ma'aikata cewa abin da ake gani a allo ba ya zama cuta kai tsaye a zahiri. Daga baya ya ce ya yi kuskure a yadda ya yi musu magana, amma shiri yana nan har gobe. Ma'aikatan sun fito ran 20 ga Oktoba a Los Angeles, suka koma bakin aiki. Chappelle kuwa ya ci gaba da cika manyan filaye. In wannan ne toshe baki, Allah ya toshe mini nawa haka.

Na biyu, kuma shi ne abin da mutane ke mantawa: Chappelle da kansa ya taɓa gudun dariya. A 2005 yana kan ganiyarsa da Chappelle's Show a tashar Comedy Central, ga kwangilar dala miliyan 50, ya tattara ya tafi Afirka ta Kudu. Da ya dawo ya ba da labari cewa suna ɗaukar wani yanki da ya shafa baƙin fenti a fuska, irin shigar da Turawa ke yi a da don su wulaƙanta baƙaƙe. Nufinsa ya yi wa wariyar ba'a. Sai ya ji wani Bature cikin ma'aikata yana dariya, kuma irin dariyar ta tsaya masa a rai. Ya gane ba abin da ya nufa mutumin ke wa dariya ba, shi ake wa. To abin da masu sauya jinsi ke gaya masa ke nan: mun ji irin wannan dariyar a ɗakinka. Shi da ya san zafinta har ya bar miliyan 50, ai bai kamata a sha wahalar yi masa bayani ba.

DanBarno84: Kai, wannan labarin ban taɓa jin sa ba. Ni na ɗauka taɓin hankali ya samu lokacin.

Baƙon_Amurka: Haka jaridu suka yi ta yaɗawa, shi kuma ya musanta a hirarsa da Oprah, mai shirin hira a talabijin, a 2006. Chris Rock, wani mai barkwancin baƙar fata, shi ma ya yi irin haka. Akwai wani yanki a Bring the Pain na 1996 da ya raba baƙaƙen Amurka gida biyu, na kirki da na banza. Ya yi suna sosai, amma ya daina yin sa, ya ce ya lura masu wariya sun samu lasisin faɗin kalmar da ba ta halatta a bakinsu ba.

Kabiru_Agege: Ni bari in ba ku nawa, ba na Amurka ba. Wata shekara abokan aikina suka ja ni kallon barkwanci a wani babban ɗaki a Legas. Na sa kaftani da hula, ni kaɗai a layinmu. Mai barkwancin yana hango ni ya ce a haska aboki. Daga nan fa ya hau: ina rediyona, nawa dala yau, wa na bar wa gadin ƙofa, ya dinga juya fa da pa yadda wai muke Turanci. Ɗaki ya kece. Ni ma na yi dariya, har da tafi, don in ka ɗaure fuska ka ƙara masa nama. Wallahi ba abin da ya faɗa da ban taɓa ji ba. Abin da ya dame ni shi ne ranar Litinin a ofis, wani yaro da nake koya wa aiki ya gaishe ni da muryar nan. Watanni ana kirana da sunan da aka laƙaba mini a daren. Mai barkwancin ya karɓi kuɗinsa ya wuce, ni aka bar wa kayan.

Ban san komai game da mutanen da Sadauki ke tambaya a kai ba, kuma ba na goyon bayan abin da suke. Amma in suka ce dariyar tana bin su har gida, ba zan ce ƙarya suke ba.

Jamilu_Kantin_Kwari: Yaya Kabiru ka yi haƙuri, amma laifi tudu ne. Mu fa? Baban Chinedu a finafinanmu me yake yi in ba kwaikwayon Inyamuri ba? Ga Ɗan Gwari, ga yadda ake nuna Bafillace bai san mota ba, ga Bayarabe da barkono da hayaniya. Kalmar bagwariya ma da muke cewa in mutum bai iya Hausa ba, daga ina ta fito? Muna ƙyaƙyatawa ba mu taɓa tambayar Gbagyi ko abin yana musu daɗi ba. In za a hana kuɗin goro a barkwanci, rabin Kannywood sai a rufe.

Kabiru_Agege: Ban ce a hana ba. Cewa na yi yana da ciwo. Kuma gaskiyarka, sai da aka yi mini na fara jin wani iri in na ga namu.

Ummita_Landan: Sadauki, ina ganin ka ji ɓangare ɗaya ne. Ka nemi Nanette na Hannah Gadsby, shi ma a Netflix yake, 2018. Mai barkwanci ce da ke neman mata 'yan'uwanta, 'yar Tasmaniya, tsibirin da ke kudu da Ostireliya, inda sai 1997 aka cire luwaɗi daga jerin laifuka, wato ta girma a wurin da ake muhawarar ko irinta mutane ne. Shekaru tana cin abinci da zolayar kanta: jikinta, shigarta irin ta maza, yadda ta gaya wa mahaifiyarta. Akwai labarin da ta saba bayarwa, wani saurayi a tashar bas ya ɗauka namiji ce tana neman budurwarsa, ya taso zai doke ta, da ya gane mace ce ya ba da haƙuri. Nan take tsayawa, a yi dariya. A Nanette sai ta ƙarasa labarin. Ashe mutumin ya dawo, ya gane ko wace ce, ya yi mata dukan tsiya, tana da shekara 17, ba wanda ya raba, kuma ba ta je asibiti ba ba ta kai ƙara ba don a ganinta abin da ta cancanta ke nan. Ta ce barkwanci yana buƙatar farko da tsakiya kawai, ƙarshen labari yanke shi ake yi don a samu dariya, ita kuma ta yanke nata har ta fara mantawa da yadda abin ya faru. Shi ya sa ta ce za ta bar sana'ar.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne, ba wani ne ya yi mata kuɗin goro ba, ita ta dinga yi wa kanta don a bar ta ta hau dandali.

Jamilu_Kantin_Kwari: To ta bari ɗin?

Ummita_Landan: Ina! Shirin ya ci lambar yabo ta Emmy, ta yi wani shirin mai suna Douglas a 2020, ta ci gaba. Har lokacin rigimar Chappelle da Sarandos ya kawo sunanta a matsayin shaidar cewa suna ba kowa dama, ta fito a Instagram ta wanke shi tas. Bayan nan kuma ta sake yin shiri da Netflix ɗin.

Jamilu_Kantin_Kwari: Ka ji ko. Kowa kasuwarsa yake ci. Shi yana sayar da an hana ni magana, ita tana sayar da an cuce ni, kamfani ɗaya ke karɓar kuɗin shiga. Mu 'yan kasuwa mun san wannan, shago biyu mai gida ɗaya.

DanBarno84: Ni na kalli Nanette ɗin nan, gaskiya wa'azi ne ba barkwanci ba. In na biya kuɗi don in yi dariya, kada a sa ni kuka.

Ummita_Landan: Rabin farko ai dariya ce zalla. Da gangan ta yi, sai da ta sa ka saki jiki.

Malam_Tanko: Tunda an ƙi barin maganar, bari in faɗi abin da na sani. Matsayina kan aikin bai canza ba. Amma Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifa da miyagun laƙabobi, kuma malamai sun yi magana mai tsawo kan cewa ganin mutum cikin saɓo ba ya halatta maka mayar da shi abin dariya. Nasiha daban, tozartawa daban. Akwai kuma hadisin da ya yi kashedi ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya. Don haka wanda ke jin yana taya addini yaƙi ta hanyar ƙyaƙyata wa Chappelle, ya sake lissafi. Ni da za a bi tawa, da duk sana'ar an rage ta.

Bazazzagi_Na_Asali: Malam ya zo da bulala ɗaya ya zane kowa da kowa.

Sadauki_Fagge: Malam, an ce fa Chappelle ɗin Musulmi ne.

Baƙon_Amurka: Musulmi ne, tun yana matashi ya musulunta, amma ba ya kawo hujjar addini a wannan rigimar. Hujjarsa ta launin fata ce. Cewa yake masu wannan fafutuka sun samu cikin 'yan shekaru abin da baƙaƙe suka yi ɗaruruwan shekaru suna nema, saboda akwai Turawa a cikinsu, kuma in ta yi zafi sai su koma rigar farar fatarsu su kira 'yan sanda. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ta shiga mutane. Inda ta yi rauni shi ne ya yi kamar baƙi daban, su daban. To wanda ya haɗa biyun fa? Wanda Sykes mai barkwanci ce baƙar fata, ta bayyana cewa mata take nema a 2008 a wani gangami a Las Vegas, kuma tana da wani yanki da take kwatanta yadda zai kasance da a ce mutum sai ya zaunar da iyayensa ya sanar da su cewa shi baƙi ne, uwa tana kuka tana tambayar ko ita ta yi kuskure a tarbiyya. Abu ɗaya take taɓawa da Chappelle, launi da jinsi, amma daga ciki. Kafin ita ma akwai Moms Mabley, tsohuwar da ta yi tashe a gidan Apollo na Harlem, ta rasu a 1975. A dandali tana fitowa da rigar zaman gida da hula, ba haƙora, tana cewa ita samari take so ba tsofaffi ba. A bayan fage abokan sana'arta sun san mata take nema. Su ma baƙaƙe ne, kuma suna cikin waɗanda suka share masa hanya.

Maman_Ilham: Ni duk sunayen nan ban san su ba. Amma tun ɗazu nake tuna wani mai abinci a tashar garinmu lokacin ina yarinya, ɗan daudu ne, kowa ya sani. Duk tashar ba mai bakinsa. In direba ya ci bashi ya zo wucewa, habaici ɗaya zai sakar masa da karin magana, tasha ta ɗauki dariya, direban ya dawo ya biya yana dariya shi ma. Mata har aikensa suke a biki don ya iya girki da tsara zance. Wato shi ne mai ba da dariyar. Da aka fara finafinan da ake kwaikwayonsu, da karairaya da tafa hannu da murguɗa baki, sai yaran unguwa suka samu abin yi. In ya fito su bi shi a baya suna yi, wata rana har da jifa. Mutumin da manya ke shakkar harshensa ya koma ba ya fita sai da asuba. Daga baya ya bar garin. Ban ce fim kaɗai ya jawo ba, lokacin abubuwa da yawa sun canza. Amma na ga bambancin da idona, tsakanin lokacin da ake dariyar maganarsa da lokacin da ake dariyarsa.

Ɗan_Zangon_Kumasi: Hajiya kin taɓo wani abu. Sai dai a yi hattara, ɗan daudu ba shi ne abin da Amurkawa ke nufi da mai sauya jinsi ba. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna ɗaukar abin a matsayin sana'a da ɗabi'a. In muka kwaso rabe-raben Amurka muka ɗora musu, mu ma kuɗin goron muka yi.

Maman_Ilham: Ban ce ɗaya ba ne, ɗana. Dariyar ce na ce iri ɗaya ce.

Hajjo_Maraɗi: Kuma ku dubi 'yan kama na da. Su ne masu barkwancin tsaye na asali a ƙasar Hausa, mutum ya tsaya a kasuwa ba kowa sai bakinsa. Wa suke kwaikwayo? Malamai da manyan mawaƙa. Ya ɗauki salon wa'azi ya mayar da shi kan tuwo da miya, ya ɗauki waƙar sarki ya mayar ta loma. Masu girma suke taɓawa, kuma ba a jin ciwo don girman yana nan bayan an watse.

Jamilu_Kantin_Kwari: Anti kada ki wanke su da yawa. 'Yan gambara fa? Makaho, gurgu, mai ƙusumbi, matar da ba ta haihu ba, wa suka bari? Barkwancinmu bai taɓa zama mai tausayi ba.

Hajjo_Maraɗi: Shi ya sa iyayenmu ke ba su kuɗi don su yi shiru, ba don su ci gaba ba.

Auwal_Jos: Abu ɗaya da ba a faɗa ba: lokaci yana canza abin dariya. Eddie Murphy a Delirious na 1983 ya buɗe ne da zolayar 'yan luwaɗi da cutar ƙanjamau, ɗaki na ihu, a daidai lokacin da cutar ke kashe mutane ba magani. A 1996 ya fito ya nemi afuwa. Kevin Hart kuma a Disambar 2018 ya sauka daga gabatar da bikin Oscar saboda tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter. Ellen DeGeneres da ta bayyana cewa mata take nema a 1997, bayan shekara ɗaya aka soke shirinta na talabijin. Wato a cikin shekara ashirin da ɗoriya abin ya juya: da mai bayyana kansa ke rasa aiki, yanzu mai zolayarsa ke shan tambaya. Sadauki, ina ganin abin da ka gani ke nan ya ba ka mamaki. Ba wai sun fi ƙarfin zolaya ba ne, sun samu bakin ramawa ne, ba su da shi a da.

Sadauki_Fagge: To ai in sun samu bakin ramawa, sharaɗin Anti Hajjo ya cika ke nan. Sun zama taubasai. Sai a bar shi ya yi, su ma su rama.

Ummita_Landan: Wayyo Sadauki, ka kama ta da kyau.

Hajjo_Maraɗi: Bai kama ni ba. Ramawar ce ai yake kuka da ita. Taubashin da in an rama sai ya ce an zalunce shi, wannan ba ɗan wasa ba ne. Sannan a can ne suka samu baki. A Najeriya tun Janairun 2014 akwai dokar ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, mai barkwanci a Legas ko Abuja in ya yi da su, wa zai miƙe ya ce ni ne, ga amsata?

Baƙon_Amurka: A yi wa Chappelle adalci ɗaya dai. A ƙarshen shirin ya ba da labarin Daphne Dorman, mai sauya jinsi da ke koyon barkwanci, wadda ya ba dama ta buɗe masa wasa a San Francisco, ta kuma kare shi a intanet kafin ta kashe kanta a 2019. Wurin nan ɗakin tsit ya yi. 'Yan'uwanta sun goyi bayansa. Wasu kuma suka ce ya ɗauki gawa ya yi garkuwa da ita. Na kalli wurin sau biyu, kuma kowane kallo da ɓangaren da nake komawa.

DanBarno84: Ni dai har yanzu a kan bakana nake, in abu ya ba ni dariya zan yi. Bafillace ma in ya shigo zauren nan yanzu sai na tambaye shi ina ya baro shanun.

Bappa_Yola: Ina nan tun ɗazu ina jin ka, bawana. Shanun suna gonar babanka.

Sadauki_Fagge: Anti Ummita, na sauke Nanette ɗin, na kai minti 20. Turancinta na ba ni wahala, ba kamar na Amurkawa ba. Labarin tashar bas ɗin ya wuce, kuma da yake kin riga kin gaya mini ƙarshensa, mutanen ɗakin suna dariya ni na kasa.

Ummita_Landan: Kunna rubutun ƙasa. Ka ƙarasa tukuna, sai ka dawo.

Bazazzagi_Na_Asali: Bakano da Turancin Ostireliya, sai dai mu ji shi bayan sallah.